Wata huɗu da buɗe wa sana'ar Baba fej, ko zabira ɗaya ban sayar ba

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan shiyar Madunka ne nan cikin garin Sakkwato, dukanci munka gada, Baba ya fi shekara talatin shina ɗinkin fata. Na gama HND a fannin akanta, na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai na ce bari in kai sana'ar gidanmu intanet. Na buɗe fej a Facebook da Instagram, wata huɗu ke nan ina zuba hotuna, mabiyan ba su kai 200 ba kuma kusan duk abokaina ne, ko zabira ɗaya ban sayar ba. Wani ya ce in ba shi dubu 15 ya kawo mani folowas dubu 5. Baba kuma ya fara cewa latse-latsen waya kawai nike yi, in zo in zauna in kama basilla. An ce in buɗe LinkedIn ko aiki zai samu, na buɗe amma ban san mi zan rubuta ba. Gaskiya kunya ta fara kama ni. In bari ne ko yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi yi albarka, shi ƙara wa Baba lahiya da nisan kwana.

Da farko dai dubu 15 ɗin nan ka mayar da ita aljihu, kada ka ba shi ko sisi. Abin da zai kawo maka akawun ne na bogi, babu mutum a bayansu balle ya ce nawa ne jakar nan, kuma illar ta wuce asarar kuɗin, don su waɗanga manhajoji suna lura ne da ko mutanen da sunka ga abin da ka ɗora sun tsaya a kansa, sun yi magana, sun tura wa wani, idan sunka ga mabiya dubu 5 amma mutum uku kawai sunka taɓa hoton sai su ɗauka abin naka ba ya da daɗi su rage nuna shi, har mutanen kirkin da kake da su su daina ganinka. Kuma mai sayen kaya da ya san kan waya shina dubawa, ya ga tarin mabiya ba kwamen ko ɗaya, nan take zuciyarsa ta ba shi ɗan damfara ne.

Sai maganar Baba, wadda ita ce ta fi damuna cikin wasiƙarka. Baba bai yi kuskure ba hwa, wata huɗu shina ganin kanka duƙe kan waya, ana sayen data, ba a ga ko naira ta shigo ba, kowane uba haka zai ce. Kuma abin da kake ta nema a Facebook shina hannunsa ba ka lura ba. Mutumin da ya shekara talatin shina ɗinki akwai waɗanda sunka saba da aikinsa, alhazan da ke kawo gyaran kayan doki in sallah ta matso, hajiyoyin da ke odar tumtum in za su aurar da ɗiya, malaman islamiyya masu sayen gafaka lokacin sauka, dillalan da ke sara su kai Kano ko Abuja ko su ƙetare ta Illela, waɗanga duk sun riga sun yarda da hannun Baba, ba sai ka roƙe su ba, kuma lambobinsu na nan cikin ƙaramar wayarsa ko bayan wani littafi a shago. Kai kuma ka tsallake su ka tafi kana tallata wa abokan makarantarka waɗanda su ma aikin suke nema, da wane kuɗi za su sayi jakar fata?

To ka sami Baba lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan isha'i ko da safe kafin yaran shago su zo, kada ka yi maganar gaban almajiransa. Kada ka kawo mashi zancen fej da folowas, ba yarensa ba ne. Ka ce Baba ina son izininka in riƙa tura wa mutanenka hoton sabon aiki in an gama, in riƙa rubuta wa ya yi oda, nawa ya bayar, nawa ya rage. Kuma basillar da ya ce ka kama, don Allah ka kama. Ka zauna shago daga safe zuwa azahar, hakan zai sanyaya mashi rai, kai kuma a nan ne za ka sami abin ɗorawa, don wanda bai san bambancin fatar akuya da ta tunkiya a hannu ba, ba zai iya amsa tambayar kwastoma ba.

Inda za ka fara WhatsApp Business ne, kyauta ne, tun 2018 anka fito da shi don ƙananan 'yan kasuwa irinku. Ka sa mashi layi daban wanda ba na hira ba, sunan shagon da mutane sunka san Baba da shi, kwatancen wurin, lokacin buɗewa da rufewa. Akwai wurin jera kaya a ciki, kowane da hotonsa da farashinsa da bayaninsa, sai wanda ya tambaya ka tura mashi gaba ɗaya maimakon ka yi ta laluben hotuna cikin waya. Akwai kuma alamomin da za ka liƙa wa kowace hira, wanga sabon kwastoma ne, wanga ya ba da kafin alƙalami, wanga an aika mashi kayansa, kai da ka karanci akanta wannan ma ba sai na koya maka ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sitatus ɗinka ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa, haka saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci guda, shina ɗaukar mutum 256 amma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai same shi ba. Don haka aikin makon farko kira ne, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka gaishe su yadda ya dace, ka ce ni ne ɗan wane na Madunka, Baba ya ce in gaishe ka, ga lambar shago don Allah a ajiye. Wanda bai nuna sha'awa ba ka ƙyale shi. Kuma kada ka kuskura ka kwashe dattawa ka zuba su guruf ba da izininsu ba, abin na ɓata wa mutane rai ƙwarai, sunan Baba ne zai ɓaci ba naka ba.

Yanzu hotuna. Ban ga fej ɗinka ba amma na san irin abin da ake yi, a jibge kaya goma wuri guda cikin duhun shago a ɗauka da dare, a rubuta "muna da kaya masu inganci sai kun zo". Ka fito da kaya ɗaya tal waje da safe wajen ƙarfe takwas kafin rana ta yi zafi, a inuwa, ka shimfiɗa farin ƙyalle ko sabuwar tabarma, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga don ƙurar garin nan ba ta barin komi, ballantana da hunturu. Ka ɗauki gaba, ka ɗauki baya, ka buɗe cikin jakar a ga shafin da aljihunan, ka matso kusa da ɗinkin har a iya ƙirga taku-takun zaren, sannan hoto ɗaya wani ya rataya ta a kafaɗa don a gane girmanta. Ka rubuta tsawo da faɗi da tef, irin fatar, kwana nawa ake ɗauka in oda ce, da farashi. E, farashi a fili. Wannan al'adar ta "zo inbos" ita ke korar masu saye na gaskiya, mai kuɗinsa ba ya da lokacin bin ka lungu, kuma shina zargin kallon hotonsa za ka yi kafin ka yanka mashi kuɗi. In kana tsoron maƙwabta su ga farashinku, ai sun riga sun sani.

Abin da ya fi hoto kuma shi ne bidiyon aikin kansa, kuma nan ne kuke da abin da mai saro kaya daga Chaina ba zai taɓa samu ba. Ka jingina wayar kusa da Baba shina aiki, a ga yadda shike shimfiɗa fatar kan katako shina shafa ta da tafin hannu don ya ji inda ke da rauni, yadda wuƙa ke bin zanen ba gargada, yadda shike huda da basilla ya ja zaren da hannu biyu ya ɗaure, yadda ake shafa jan karan dafi ko baƙin kuloko. Sakan talatin zuwa arba'in ya isa, kada ka ɗora mashi kiɗa, ƙarar wuƙa da bugun guduma sun fi kowane kiɗa jan hankali. In Baba ba ya son fuskarsa ta fito ka ɗauki hannuwan kawai, amma ka tambaye shi tukun, kada ya ji a bakin mutane cewa an gan shi a TikTok. Wata rana ka je wajen majema ka nuna yadda ake jiƙa fata da bagaruwa. Ka ba da labarin jar akuyar Sakkwato, wadda fatake sunka riƙa ƙetare Sahara da fatarta har ta isa Turai, can anka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasar nan ta fito, mutane da yawa har 'yan garin nan ba su san wanga tarihi ba, kuma mai saye a Legas ko Abuja in ya ji shi kallon da zai yi wa jakar ya canza. Sai dai ka tsare gaskiya, in fatar tunkiya ce ka ce ta tunkiya ce, in an sa roba a shafin ciki ka faɗa, kuma kada ka ɗauko hoton aikin wani ka ce naku ne ko da kun iya yin irinsa.

Facebook da Instagram kada ka goge su, amma kada ka raba ƙarfinka wuri biyar. Sau uku a mako ya isa in dai ba ka fashi, abin da ka ɗauka ɗaya shi za ka sa ko'ina, kowane a ƙarshensa lambar WhatsApp ɗin shago. Ka riƙa rubutawa da Hausa sannan layi biyu na Turanci a ƙasa saboda 'yan kudu. Ka tuna da lokutan da kaya ke tafiya ka riga su, kayan doki da takalma wata guda kafin sallah, tumtum da matasan kai lokacin bukukuwa, ƙananan kaya na tsaraba lokacin da masu bautar ƙasa ke shirin komawa gida, kai ka yi bautar ƙasa ka san yadda suke neman abin da za su nuna a gida cewa sun zauna Sakkwato, ga sansaninsu nan Wamakko ba nisa. Duk wanda ya sayi kaya ya ji daɗi ka roƙe shi ya turo hoto ko 'yar murya, ka nemi izininsa ka ɗora, ka rufe lambarsa. Shaidar mutum ɗaya da ya karɓi kayansa lahiya lau a Kaduna ta fi layk ɗari.

Tallan da ake biya wa Facebook kuɗi shina aiki, za ka iya zaɓar garin da kake so a nuna shi da shekarun mutanen, amma ba yanzu ba. Sai ka sayar wa mutum goma ko sama ka gane wane kaya ne anka fi tambaya, sannan ka gwada da kuɗi kaɗan na 'yan kwanaki kan kaya ɗaya, gari ɗaya.

Wani abu da ba ka ambata ba amma dole in taɓo, tsohon akawun ɗinka na kanka. Duk mai niyyar turo maka dubu arba'in bai taɓa ganinka ba sai ya leƙa ya ga wane ne kai, haka mai ɗaukar aiki. In akwai zage-zagen siyasa ko faɗan ƙungiyoyin addini ko cin mutuncin wasu saboda ƙwallo, ka zauna dare ɗaya ka share, ka sa hotonka na mutunci da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka a majalisa ba.

Kuɗi kuma ka buɗe ido. Sikirinshot ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa, sai ka shiga manhajar bankin ka ga balans ya ƙaru sannan kaya su fita shago, ko da wanda ya turo ya ce shi alhaji ne shina sauri zai hau jirgi, saurin nan ma shi ne alamar farko. Aikin oda rabin kuɗi tukun. In za ka aika ta tasha ka ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai shi a jiki, hoton lambar motar, lambar direba, ka tura wa kwastoma nan take, ku yi magana tun farko wa zai biya kuɗin mota. Duk wanda ya kira ya ce an turo maka wasu lambobi shida bisa kuskure ko za a sa ka guruf na tallafi ka karanto mashi, kashe wayarka, WhatsApp ɗinka zai ƙwace ya bi kwastomomin Baba shina karɓar kuɗi da sunanku, ka shiga saitin yau ɗin nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka sa fin ɗinka. In abu ya fara tafiya ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe akawun da sunan shagon, mutane sun fi sakin jiki su tura kuɗi ga sunan da sunka gani a fej.

Kuma ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka riƙa kwafe sunan kowane kwastoma da lambarsa da abin da ya saya. Mu nan mun gani, a watan Satumba na 2021 anka yanke sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ranar 4 ga Oktoba na shekarar Facebook da WhatsApp da Instagram sunka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, Twitter kuwa gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Fej ɗin nan rumfar haya ce, mai ita na iya rufewa ba tare da ya sanar da kai ba, lambobin da ke cikin littafinka su ne naka.

To sai LinkedIn. Shi ba wurin tallan takalma ba ne, wurin ma'aikata ne da masu ɗaukar ma'aikata da masu kamfanoni, kuma Turanci ake yi. Ka ce ba ka san mi za ka rubuta ba, alhali kana zaune kan abin rubutawa. Kada ka sa "mai neman aiki" a ƙarƙashin sunanka, ka sa cewa kai akanta ne mai HND da ke riƙe da lissafi da tallan wata sana'ar fata ta gado a Sakkwato, in dai ka fara yin hakan da gaske to ba ƙarya ka yi ba. Ka sa makarantarka, inda ka yi bautar ƙasa da ainihin aikin da ka yi can, manhajojin da ka iya kamar Excel, in kana shirin jarabawar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ka faɗa. Bayan wata biyu kana iya rubuta yadda ka fitar da ainihin kuɗin da jaka ɗaya ke ci tun daga fata da zare da zif har ladan ɗinki, irin wanga rubutu shi ke sa manajan da bai san ka ba ya tsaya ya karanta, don ya nuna ka iya aikin ba takarda kawai gare ka ba.

Wajen haɗuwa da mutane ka fara da na kusa, da ɗan gari a kan ci gari, malamanka na makaranta, waɗanda sunka riga ka gamawa suna aiki bankuna ko ƙungiyoyin agaji da ke garin nan, wanda ka yi aiki ƙarƙashinsa lokacin bautar ƙasa. Kuskuren da yaranmu ke yi, ana karɓar su sai "ranka ya daɗe a taimaka mani da aiki", mutumin bai san ka ba, ba ya da aikin a aljihu, sai ya yi shiru kai kuma ka ce girman kai gare shi. Ka gaishe shi, ka faɗi inda kunka haɗu ko wa ya haɗa ku, ka yi tambaya ƙarama wadda zai iya amsawa cikin minti biyu, misali wace manhajar lissafi ce ofishinsu ke aiki da ita don ka koya. In ya amsa ka gode, ka je ka koya, bayan wata guda ka dawo ka ce na koya. Ranar da gurbi ya buɗe kai zai tuna. Ta ɓangaren fata kuma ka nemo masu kamfanonin jaka da takalma na Legas da Abuja, da yawansu na baje koli a Lagos Leather Fair, suna neman fata mai kyau da masu aikin hannu daga arewa, ka bi su ka ga irin ƙirar da kasuwarsu ke so, oda ɗaya daga irinsu na iya riƙe shagon wata guda. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka aiki, bulok kawai.

Data ta yi tsada tun ƙarin da anka yi a 2025, don haka ka yanka wa kanka lokaci, awa ɗaya da hantsi ka amsa saƙonni, awa ɗaya bayan la'asar ka ɗora abu, sauran lokacin a bar sautin WhatsApp ɗin shago kawai a kunne. Kada mai tambaya ya kwana ba amsa.

Kunyar da ka ce kana ji na fahimce ta, mai HND ya dawo shagon uba, abokai na tsokana. Amma ni ban ga abin kunya ba ga yaron da ya ƙi zaman majalisa ya ce zai ɗaga sana'ar gidansu, wata huɗun ma ba asara ba ne, ƙofar ce ba ka fara da ita ba. Ka ba wanga tsari wata uku, abin da za ka riƙa ƙirgawa mutum nawa sunka tambayi farashi a mako, nawa sunka biya, nawa sunka dawo karo na biyu.

Kuɗin cinikin farko da ya shigo ta waya kada ka taɓa shi ko na data, ka cire shi tsaba ka sa a hannun Baba, ka nuna mashi hirar da hoton kayan a hannun mai su. A zaman nan ne za ku yi maganar kasonka a kan duk abin da ka sayar, ku tsayar da shi tun kuɗin ba su yi yawa ba, in kana jin nauyin faɗa mashi ka sa Inna ko wani baffanka a tsakani. Ka rubuto mani bayan wata ukun in ji inda anka kwana, ka haɗo da hoton gafaka ɗaya da farashinta, akwai saukar yaran gidanmu na tafe.